Hanon Kan Dutse

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da matarka da yara. Da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Na kira wayarka har yatsana ya gaji, kullum ba a samunka. Shi ya sa na ba direba wannan takarda, tunda shi dai yana samunka.

Albishirinka! Mutanen otal ɗin nan da na gaya maka sun amince. Suna son sabulunmu da man shafawarmu na ƙaron itacen hano a kowane ɗaki na otal-otal ɗinsu. Matar da ke yi musu sayayya ta zo da kanta, ta zaga masana'anta, ta leƙa tukwane, ta shinshina komai kamar kyanwa. Sai ta ɗauki kwalba ta karanta abin da muka rubuta a jiki, cewa ƙaronmu daga itatuwan da ake kula da su yake fitowa, ba ma cutar da daji. Ta ce, "Hajiya, wannan gaskiya ne ko ado ne?" Na ce mata ƙanina ne yake saye a gindin dutsen garinmu, da idonsa yake gani. Ta ce to shi ke nan.

Yanzu magana tana hannunka. Ina bukatar ƙaro ninkin abin da ka saba aikowa, kafin ruwa ya sauka. Buhun da ya zo na ƙarshe bai cika ba, kuma duk ɓawo ne a ciki, 'yan aiki sun wuni suna tsincewa. Me ke faruwa?

Tun da matar nan ta tafi ban iya zama ba. Ka ba direba amsa, kar ka bar shi ya dawo hannu rabbana.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da 'yan aiki baki ɗaya. Inna tana amsawa. Ƙafa da sauƙi, har ta koma faɗa da kaji.

Na yi murna da albishir, Allah Ya sa albarka. Amma Yaya, ki nemi kujera kafin ki ƙarasa karanta wannan.

Da na ga ƙaro yana zuwa rumfar da nake saye haɗe da ɓawo, sai na hau dutsen da kaina, har bayan inda muke kai awaki muna yara. Abin da na tarar ya hana ni sukuni. Kin san yadda ake yi: 'yar tsaga kamar faɗin farce, a bar itace ya yi hawayensa, a dawo a kwashe. Yanzu da labari ya bazu cewa ƙaro ya yi daraja, kowa ya ɗauki gizago. Na ga itacen da aka sassaƙe zagaye, daga gindi har inda hannu ya kai, kamar an feɗe akuya. Ƙwari sun shiga raunukan. Manyan nan na gefen gabas sun bushe a tsaye, na dafa ɗaya reshe ya biyo hannuna. Bana ba su yi fure ba. Amyoyin Kawu yawancinsu babu zuma babu ƙuda. Na duba ƙasa ko zan ga ƙaramin hano yana tasowa, ban ga ko ɗaya ba.

Ba baƙi kaɗai ke yi ba, har da mutanenmu da muke saye a hannunsu. Na tambayi Dogo, babban masu tsaga, ya ce, "To Auta, in na bar itacen ya huta, wani ne zai zo gobe ya tsage shi. Ai gara ni."

Saboda haka na rufe rumfa. Ba zan sayi ko kwano ɗaya ba sai mun yi magana. Direba zai zo miki ba kaya. Don Allah kar ki sauke a kansa, shi bai san komai ba.

Ki gaida maigidan. Allah Ya ƙara girma.
Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Salama. Ka gaida Inna. Kai kuwa na gaishe ka ne don ya zama dole.

Direba ya shigo da mota wayam. 'Yan aiki suka fito da gudu za su sauke kaya, sai ya miƙo takarda.

Wa ya ba ka izinin rufe rumfa? Ni na sa hannu a takardar mutanen otal, ba kai ba. Kana can kana tausayin itace, ni ina nan ina kallon fuskokin matan da suka dogara da tukwanen nan. Mai Dariya, wadda muka fara aikin nan da ita tun muna dafawa a tsakar gida, marayu take riƙo. Mai liƙa takarda mijinta yana kwance. Na ɗauki sababbin 'yan aiki saboda kwangilar nan. Na sayo babbar tukunya, tana nan tsakiyar ɗaki ba komai a ciki, kowa ya wuce sai ya buge gwiwa.

Kuma ka gaya mini, in mu ba mu saya ba, gizagon rataye shi za su yi? Ko kana tsammani mu kaɗai ne masu hanci a duniya?

Jiya wani ɗan kasuwa ya kawo mini samfuri. Ya ce in faɗi buhu nawa nake so, washegari a sauke. Na ce daga ina yake samowa? Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, daga itace mana." Ƙaron mai kyau ne, Auta, garau kamar gilashi. Na ajiye shi a kan tebur. In fita in dawo, in buɗe taga in rufe, in ɗauka in shinshina in ajiye. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba.

Ka buɗe rumfa kafin in ba shi amsa.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ko da ba za a amsa ba. Mutanen gida duk lafiya.

Kin yi gaskiya a abu ɗaya, kuma ya fi faɗan ciwo. Tun da na rufe rumfa wani mai babbar mota ya fara tsayawa a bakin hanya. Shi ba ruwansa da ƙaro mai tsabta, har ɓawon yake saye, a auna a zuba. Ina zaune a ƙofar gida ina jin sara daga kan dutse. In shiga ɗaki in fito, in kama hanyar dutse in juyo. Matata ta ce in ba zan zauna ba, in daina zagaye mata murhu.

Matar Dogo ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Malam Auta, kai ka rufe rumfa ka je gida an zuba maka abinci. Mu kuma fa? Tausayinka za mu dafa wa yara?"

Sai na tara masu tsaga a rumfa. An yi hayaniya sosai, har wani ya ce ni ɗan boko ne mai yi wa itace kuka. A ƙarshe ga abin da wasu suka yarda da shi. Gefen gabas a bar shi ya huta, ko da zai ɗauki shekaru. Gefen arewa, inda itatuwa ke da sauran lafiya, a raba wa gidaje, kowa ya san nasa ya tsare. Tsaga ƙarama da wuƙa, ba gizago. Mu kuma mu sayi nasu da daraja fiye da ta mai mota, mu riƙa biyan masu gadi da masu kafa rassa, don reshen hano in aka kafa shi da damina yana kamawa, in dai an yi masa shinge saboda awaki. Dogo ya yarda. Ƙaninsa ya kakkaɓe riga ya fita, mutane da dama suka bi shi.

Amma ki sani, abin da za a samu ta wannan hanya ba zai kai wanda na saba aiko miki ba, balle ninki. Ba zai ishi otal ba. Ƙaron ɗan kasuwarki kuwa, ina jin na san motar da ta kai masa.

Masana'anta taki ce, ni ƙaninki ne kawai. In kin ce a buɗe rumfa a sayi duk abin da aka kawo, ki aiko wanda zai karɓi mabuɗi, ba zan yi rigima ba. Ni ne dai hannuna ba zai iya ba.

A yi haƙuri da ni.
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na amsa gaisuwarka, har da waccan da ka ce ba za a amsa ba. Na san ka ji ni shiru, direba ya ce kullum sai ka tare shi a hanya kamar mai jiran haihuwa.

Ga abin da ya faru. Na karɓi buhu ɗaya a hannun ɗan kasuwa. Na narka a babbar tukunya, ƙamshi ya cika layinmu, muka cika kwalabe. Da aka zo liƙa takarda na ce a dakata. Kwalaben suka kwana a kan kanta tsirara, ni kuma ina ta safa da marwa a tsakaninsu. Maigidan ya ce in dai haka zan ci gaba, gara ya sayo mini keke.

Daga baya na ɗauki jaka na tafi ofishin matar otal. Na zauna a ɗakin jira, sanyin na'ura yana dukana, sau biyu ina miƙewa zan gudu. Da na shiga na gaya mata komai: gefen gabas, gizago, mai mota, har buhun da na narka. Ta daɗe tana juya biro. Sannan ta ce, "Hajiya, kin san akwai masu jiran wannan kwangila a bakin ƙofa?" Na ce na sani. Ta ce, "To me ya sa kika zo?" Na ce ita ta tambaye ni ranar farko ko gaskiya ne ko ado.

Ta ƙwace kwangilar, Auta. Ta ba wani kamfani. Otal ɗaya ta bar mana, ƙaramin cikinsu, shi ma sai ta je ta ga dutsen da idonta, don ta ce ta daina yarda da idon ƙanin kowa.

Sababbin da na ɗauka na sallame su. Mai Dariya ta koma wancan kamfanin. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ki yafe mini, yara ne." Na ce ta tashi, ba ta yi mini komai ba. Amma tun tafiyarta ɗakin aiki ya yi shiru, har ƙarar cokali ake ji.

Kwalaben can zan sayar a kasuwa ba tare da takardarmu ba. Na fara gwada sabulun na'ana'a don sauran mata su sami abin yi. Na farko ya fito kamar maganin tari.

Ka buɗe rumfa a kan yadda kuka shirya da Dogo. Ka ce masa na yarda. Mabuɗi ka riƙe abinka, wa zan ba?

Muna tafe ni da matar a mako mai zuwa.

Ka gaida Inna.
Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa ina tafiya. Allah Ya mayar miki da alheri.

Rumfa a buɗe take. Gidaje sun karɓi itatuwansu, an fara sarar ƙaya don shinge. Mai mota dai bai daina zuwa ba, kuma jiya an sassaƙe itace biyu a rabon Dogo, ana zargin ƙaninsa. Ba sa magana da juna.

Yaya, wata shawara, kar ki yi mini dariya. Akwai hanyar da ke hawa ta arewa kai tsaye. In muka bi da matar ta nan, itatuwa masu ganye za ta gani, da sababbin shingaye. Gabas ba sai ta gani ba, ai kin riga kin gaya mata da baki. Ina tsoron in ta gani da ido, ɗan otal ɗin da ya rage ma ya tafi, kuma da shi na yi wa mutanen nan alkawari.

Me kika gani?

Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Salama. Na gaishe ku duka.

Ta gabas za mu hau. Ka kira Dogo da matarsa su raka mu, in ƙaninsa zai zo shi ma ya zo. Kar ka kawar da ko reshe ɗaya daga hanya.

Ka aro wa matar takalmin da zai iya dutse. Nata duk masu tsini ne.

Sai mun iso, in Allah Ya yarda.
Yayarka