Kalmomin da Babanki Ya Koya wa Kwamfuta

Samaru, Zariya
4 ga Nuwamba

Jemimah 'yata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya aiki, ya mijinki Lanre da jikokina? Ina fata tarin nan ya sake ki.

Kwamfutar babanki ce ta sa na ɗauki biro. Kin tuna waƙoƙin coci na yarensu Jju da ya shekara shida yana tattarawa kafin ya rasu? Dattawan coci suna so a buga su littafi. Jiya na danna manhajar rubutu, sai ta leƙo ta koma kamar ɓera. Har sau tara na gwada.

Na kai kwamfutar Sabon Gari wurin Ejike mai gyara. Ya ce gyaran sama-sama ba zai yi ba, sai an tuge manhajar gaba ɗaya a sa sabuwa. Gabana ya faɗi, amma ya tabbatar min waƙoƙin ba a cikinta suke ba. Kin san ni da tambaya, na ce in an cire abu daga kwamfuta, ina yake zuwa? Dariya kawai ya yi. Gobe zan zauna kusa da shi in gani da idona.

Mamanki,
Keziya

6 ga Nuwamba

Jemimah,

Ina gaishe ku duka, da fatan kuna lafiya.

Na ga aikin daga farko har ƙarshe. Ejike ya cire manhajar, ya bi saƙo-saƙo yana share ragowarta, ya kashe ya kunna, ya sa sabuwa. Ta buɗe lafiya lau, waƙoƙin duka suna nan.

Sai dai kowace kalma an ja mata jan layi, alhali a da ɗaya-ɗaya ne. Ejike ya dafe kai. Ashe kwamfuta ba ta jin Jju, babanki ne yake koya mata kalma-kalma. Wadda ya tabbatar a bakin tsofaffi, sai ya sa ta riƙe. Wadda yake shakka, sai ya bar ta da ja don ya koma ya tambaya. Wannan ajiyar tana cikin abin da aka share, kuma ni da bakina na ce a share tas.

Ni Bazazzagiya ce, Jju ɗina bai wuce gaisuwa ba. Yanzu ban san wadda ya gama da wadda ya bari ba. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka a shagon mutane.

Mutum ɗaya ta rage da ta san waƙoƙin nan da ka, Gwaggonki Sarah da ke Zonkwa. Ta haura tamanin da biyar, idonta ba ya gani, amma ta ce a zo a karanta mata. Ke ce kika iya karanta Jju. Ki nemi hutu ki zo Asabar ɗin nan mu tafi, kada ki ce min sai Kirsimeti.

Allah ya kawo ki lafiya.

Mamanki,
Keziya