Hanyar Dajin Kaɗanya Ba Ta Mutu Ba

Yaya Mumuni,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya Anti Fusaina da yara? Yaya kasuwa? Ƙafar taka ta daina kumburi? Mu nan Yendi lafiya lau, alhamdu lillahi.

Majalisar gunduma za ta yanka filin bayan unguwarmu fuloti-fuloti. Mai awonsu ya zo da rani, lokacin da ba mai tsintar 'ya'yan kaɗanya, sai ya rubuta wai hanyarmu ta zuwa daji ta mutu. Suka ɗora fuloti uku a kanta, suka kafa turaku.

Ranar zaman majalisa mu mata muka je. Wani ɗan majalisa ya ɗaga taswira ya ce, "Hajiya, babu hanya a nan."

Na ce, "Alhaji, takardarka ba ta taɓa ɗaukar kwando ba. Gobe bayan sallar asuba ka zo ka tsaya a wurin."

Ya kuwa zo. Saboda yawanmu sai da ya koma cikin ciyawa kafin mu gama wucewa da kwandunanmu, raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa.

Ranar Alhamis za su sake zama, kuma na tabbata za su cire turakunsu. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. In ka zo, ta hanyar nan zan kai ka.

Ƙanwarka,
Salamatu