Babu Mai Karɓar Amshi

Buenos Aires, Yuni 1911

Yaya Edie,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba, ya yara? Ni lafiya lau, tarin ma da sauƙi, kada ki sa shi a ranki.

Gidan wasan da nake waƙa a nan ya fi na unguwarmu kyau, sai dai ba su san waƙoƙina ba. Kin san a Landan baiti kawai nake yi, in ɗaga hula, 'yan saman bene su karɓe amshi, marigayiya Mama na tsakiyarsu tana kuwwa: "Ku buɗe baki mana, rowar murya kuke yi?" A wannan tsakanin nake mayar da numfashi.

Jiya na ɗaga hular, wurin ya yi tsit. Na ja amshin da kaina, muryar ta tsinke a tsakiya. Suka kwashe da dariya, sun zaci cikin barkwancin ne. Mai gidan wasan ya ce, "Maudie, kullum ki riƙa yin haka!" Na ce to.

Don Allah ki aiko min da maganin tari na kantin Mista Pugh. In kin je kabarin Mama ranar Lahadi, ki gaya mata har yanzu ina ɗaga hular.

Allah ya tsare min ku.

Ƙanwarki,
Maudie