Ga Jikina, Ku Koya wa Ɗalibanku

Zuwa ga Shugaban Kwalejin Koyon Aikin Likita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri. Sunana Malam Sale, manomin rani ne ni a Tiga. Ina fama da sankarar mafitsara irin ta maza, kuma a asibitinku ake duba ni tun kafin korona. Na kasa zama ne na rubuto.

Na farko. Lokacin da na fara zuwa, ɗalibanku kan kewaye gadona. Babban likita ya nemi izinina, su sa safar hannu su duba ni da yatsa ta baya, ɗaya bayan ɗaya. Da kunya, amma na yarda. Da korona ta shigo aka sallame su gida, aka ce karatu ya koma waya. Ban yi gardama da wannan ba, rai ake karewa.

Na biyu. Ƙanena Haladu yana kiwo a Doguwa. Fitsari ya fara yi masa gardama kamar yadda nawa ya fara. Ya yi ta zuwa wani asibiti a yankinsu, wani matashin likita yana ba shi maganin sanyi. Da na raka shi, na roƙi likitan ya duba shi yadda aka duba ni. Yaron kirki ne, bai ɓoye ba: ya ce zangon da ya kamata ya koyi wannan a jikin mutum ya faɗo cikin kullen korona, a hoto kawai ya gani, yana tsoron ya duba ya faɗi abin da ba shi ba. Ya tura mu birni. Aka tarar ciwon Haladu ya riga ya shiga ƙashi. Ban zargi yaron ba. Tambayata, wa ya cike masa abin da ya rasa kafin a ba shi takardar shaidar likita?

Na uku. A zuwana asibitinku na baya, likita ya ambaci wani magani da ke tayar da garkuwar jiki ta yaƙi sankarar da kanta. Ya ce ba kowa yake yi wa aiki ba, sai an yi gwaji. Kafin in buɗe baki an kira na bayana. Tun ranar nake tambaya, kowa ya ce sai likita. Akwai gwajin a nan? Ni ko Haladu muna cikin waɗanda zai amfana? In babu, a ce babu. A kasuwarmu kuwa masu lasifika har sun fara sayar da ruwan gora da sunan maganin garkuwa, matar Haladu ta sayo.

Roƙona, ranka ya daɗe: a kira likitocin da kulle ya yanke wa horo a ƙarasa musu. A sa mai yi mana bayanin wannan magani da Hausa, a zaune. In majinyatan koyo ake nema, a rubuta sunana a farko. Sai dai a hanzarta, don hawa gadon gwaji ya fara yi mini wuya.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya raba ka da kwanciyar asibiti.

Wassalam,
Malam Sale, Tiga.