Ni na fitar da fim ɗin abokina, ƙanensa ake zargi

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

A Akokan nake, kusa da Arlit. Da aka rufe ramin haƙar ma'adinai da muke aiki, sai na buɗe ɗan shago ina tura wa mutane fina-finan Indiya masu fassarar Hausa a waya. Ban taɓa tambayar kaina ko haƙƙin wani nake ci ba. Waɗanda suka yi su suna can Indiya, ina suka san da ni?

Ina da aboki, bari in kira shi Habu, shekara tara muna shiga rami tare. Shi kuɗin da aka sallame shi da su daga aiki fim ya yi da su, irin na soyayya da waƙa, shekara biyu yana wahalarsa, ƙanensa Lawali ne ya haɗa masa hotunan. Kafin ya fitar ya kawo mini a karti, wato memorin waya, ya ce, "Kai ka san fim, kalla ka gaya mini gaskiya. Amma kada ido ya gani bayan naka."

Wata rana wani direban kamiyo, wato babbar mota, tsohon mai ciniki da ni, ya ce duk Indiyan da nake da su ya kalla, in babu sabo zai koma wani shago. Wallahi ba don kuɗi ba, so nake a ce ina da abin da babu a ko'ina. Na tura masa fim ɗin Habu, na ce kada ya ba kowa. Kafin sati fim ɗin yana wayar ƴan kabu-kabu a Arlit, har Agadez ya kai. Wa zai sayi abin da ya kalla kyauta?

Habu bai ko kawo ni a ransa ba. Lawali ya ɗora wa laifin. A gabana ya ce masa, "Uwa ɗaya ta haife mu, ka yanka ni haka?" Lawali ya juyo wurina ya ce mini, "Yaya, kai ka san halina, gaya masa." Na sunkuyar da kai na ce a yi haƙuri. Abin da na iya ke nan.

Wata huɗu ba sa gaisawa. Lawali ya kwashe kayansa daga gidan, tsohuwarsu kullum kuka. Habu kuwa kowace safiya a shagona yake shan shayi, yana ce mini ni kaɗai na rage masa. In na faɗa, na rasa shi, kuma da wace fuska zan bi titi? In na yi shiru, na raba gida.

Jiya tsohuwar ta aiko. Ranar Juma'a za ta sa su biyun su dafa Alƙur'ani a gabanta, kuma ni suka zaɓa in zama shaida.

Don Allah jama'a, me zan yi?