Lamba Ɗayan Leli

Hal Dwin, Malta
Afrilu

Ƙanena Wistin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Odette da sanyin Brussels ɗinku. Mu nan sai godiyar Allah. Na san za ka ce me ya hana ni buga waya. Wayar tsibirin nan kunne gare ta, shi ya sa na ɗauko biro.

'Yarka Nadette ta tsaya takarar kansila. Ba a jam'iyyar Ja ba, ba a ta Shuɗi ba, ita kaɗai da sunanta. Ta ce ta daɗe tana bin gida-gida tana wanke wa tsofaffi gyambo, tana auna musu jini, kuma duk zaɓe sai an yi mana alkawarin ɗakin shan magani a ƙauye. Wanda ya hau ya manta, wanda ya faɗi ya tuna. Ta ce jam'iyyun nan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ta gaji. Da ka gan ta ranar Lahadi a ƙofar coci, tsaye a kan akwatin lemo, ba lasifika ba tuta, tana kiran tsofaffi da sunayensu. Ni na haife ta, amma ban san akwai wannan zuciyar a ƙirjinta ba. Kaina har ya yi girma.

Matsalar tana cikin gida. Ka san mijina Leli, tun yana saurayi, in ana jera 'yan takara da lamba a takardar ƙuri'a, bai taɓa rubuta lamba ɗaya a gaban sunan da ba na Ja ba. Ranar Talata muna cin miyar zomo wayar gida ta yi ƙara, masu ƙuri'ar jin ra'ayi ne. Ya saurara, ya ce, "Wa zan ba lamba ɗaya? Yarinya, gidan nan Ja ne tun kafin a haifi uwarki." Ya kife wayar.

Nadette ta ajiye cokali. "Baba, ina zaune fa."

"Na san kina zaune."

"To?"

"To ci abincinki, yana hucewa."

Ba ta ƙara loma ba. Kai ne mai boko a gidanmu, faɗa mini yadda zan yi da su.

Yayarka,
Pawlina

Brussels
Afrilu

Yaya Pawlina,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da tambayar lafiyar Leli da ta Nadette, wasiƙarki ta iso, na karanta a tsanake.

Ina yaba wa Nadette, kuma ban faɗa don in faranta miki ba. Sai dai kullum safe ina duba sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayi ta gida a jarida, kuma a yankinku duk masu zaman kansu a haɗe kashi biyu cikin ɗari suka samu. Mutanen nan sun san aikinsu, a zaɓen da ya wuce ba su kauce ba. Haƙiƙa sun ce kusan rabin jama'a sun gaji da jam'iyyun biyu. Amma da aka tambayi waɗannan gajiyayyun wa za su zaɓa, kowa ya koma gidan ubansa. Kin san mutanenmu: mutum ya zagi jam'iyyarsa daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar ya je ya zaɓe ta.

Shawarata ta janye tun da sauran mutunci. In ta ƙi, ta shiga ɗaya daga cikin biyun ta gyara daga ciki. Kada ta ja wa ubanta abin kunya a kulob ɗin 'yan Ja saboda kujerar da ba za ta samu ba. Amsar da Leli ya ba su a waya ita ce amsar ƙauyen gaba ɗaya, lissafi ba ya son kai.

Ki gaishe su da kyau. Odette tana gaisuwa.

Ƙanenki mai biyayya,
Wistin

Hal Dwin
Mayu

Malam mai lissafi,

Na gaishe ka, duk da ka ɓata mini rai. Zaman Turai ta arewa ya sa ka manta inda aka yanke maka cibiya. Wa ya taɓa faɗa wa waya gaskiya a nan? Leli ya ce muryar da ta kira shi kamar ta jikar Fredu ce, shugaban kulob ɗinsu. Ko ita ce ko ba ita ba, a tsibirin nan kowace murya tana kama da ta jikar wani. Ni ma da suka kira ni Ja na ce, kuma ka san wadda zan zaɓa. Ka sa ni a lissafinka in gani.

Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ban san abin da ke zuciyar Leli ba. Ga kuma abin da ban faɗa maka ba. Yanar ido ta rufe masa gani, ko sunansa ba ya iya karantawa, kuma aikin idon sai bayan zafi. Ka san yadda ake yi da wanda ba ya gani: a rufe ƙofar ɗakin zaɓe, ya faɗi zaɓinsa da baki, jami'i ya rubuta, wakilin Ja da na Shuɗi suna tsaye suna ji. Sun rantse ba za su faɗa ba, amma kafin a buga ƙararrawar rana ko mai sayar da kifi ya sani. Bana wakilin Ja a ɗakinmu Fredu ne da kansa.

Shekaranjiya ya zo da pastizzi masu zafi, gasasshen fulawar nan mai cuku a ciki, ya zauna yana washe baki. "Leli, tsohon soja! Yarinya ce, ƙuruciya ke ɗibarta, ba mu riƙe ta a zuci ba. Kai dai mun san ka."

Leli ya ce, "Kun san ni," ya ci gaba da tauna.

Abin da ya sa ni kuka shi ne Nadette. Da Fredu ya fita ta durƙusa gaban ubanta ta ce, "Baba, kar ka je. Ka ce ƙafa ke ciwo. Ba na son ƙuri'ar da za ta raba ka da abokanka, kuma ba na son in ji a bakin mai kifi cewa ka ƙi ni." Ka ji 'yar halak. Tana neman ƙuri'a kamar ruwa a rani, amma ta yafe ta ubanta.

Ya ce, "Ban taɓa fashin zaɓe ba, ko shekarar da na binne uwata."

"To me za ka ce musu?"

"Abin da ya zo bakina."

Wistin, ina tsoro. Kulob ɗin nan shi ne duniyarsa, can yake shan shayinsa kullum safe, can za a ɗauki makararsa. In ya kira sunanta ya rasa su. In ya kira Ja da bakinsa, Nadette za ta ci gaba da gaishe shi, amma na san 'yata, wani abu zai karye da ba ya ɗoruwa. Ba ta janye ba, kuma ban ce ta janye ba.

Ka sa mu a addu'a, ka bar jaridar nan ta huta.

Yayarka,
Pawlina

Hal Dwin
Yuni, ranar Asabar

Wistin,

Gaisuwa a gurguje.

Da safe motar Ja ta zo ɗaukarsa kamar kowane zaɓe. Ya ce a gode musu, zai taka. Ya sa kwat ɗinsa na bikin coci, ya kama hannuna, muka gangara makarantar firamare.

Layi ya cika har tsakar gida, rabin ƙauyen na nan. Da aka zo kansa jami'in ya kama shi suka shiga, aka rufe ƙofa. Ina tsaye dab da ita, kusa da matar Fredu, mun ƙi kallon juna. Na ji Fredu yana cewa a ciki, "A hankali, Leli, mu kaɗai ne, faɗa ƙasa-ƙasa."

Sai muryar mijina ta fito kamar yana kiran jirgin ruwa daga gaɓa.

"Lamba ɗaya, Nadette! 'Yata ce, in akwai wanda bai sani ba!"

Na ji jami'in yana roƙonsa ya rage murya, yana tambayar lamba biyu. Ya ce, "Ba ni da 'ya biyu. Naɗe takardar."

Da ya fito Fredu bai rako shi ba. Mutanen kulob da ke layi duk suka sunkuyar da kai, wanda suka yi aikin tashar jirgi tare tun suna samari ma ya juya masa baya. Leli bai gani ba, amma ya ji, don yatsunsa sun matse hannuna. Sai tsohuwa Ċetta, wadda gidansu Shuɗi ne kaka da kakanni, ta ɗaga sandarta ta ce, "Leli, ashe kai namiji ne, mun yi ta zaginka a banza!" Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba.

A hanyar gida na ce, "Sai ka yi ihu?" Ya ce, "In za a kai labari, gara a kai shi daidai."

Tun ina budurwa nake zaune da mutumin nan, ina ce masa taurin kai, yau na ga amfanin taurin kan. Nadette tana can tana zagaya rumfunan zaɓe, amma na tabbata labarin ya riga ni isa. Ƙirga sai mako mai zuwa.

Yayarka,
Pawlina

Hal Dwin
Yuni

Kawu Wistin,

Ina gaishe ka da girmamawa, da Inna Odette. Mama ta ce ni zan rubuta wannan.

Ban ci ba. Na wuce kashi biyunka nesa ba kusa ba, amma kujerar ta kuɓuce da kaɗan. Masu lissafinka sun yi gaskiya rabi.

Baba bai koma kulob ba, kuma ba wanda ya zo kiransa. Yanzu a ƙofar gida yake shan shayinsa, shi kaɗai. Jiya na zauna kusa da shi na ce ya yafe mini, na raba shi da mutanensa a banza. Ya laluba ya kama kunnena kamar ina ƙarama, ya ce, "Yaushe ne zaɓe na gaba?" Na ce da saura, kuma kafin nan an gyara masa ido, zai rubuta abinsa a asirce.

Ya ce, "Ko ina gani, da baki zan faɗa."

'Yarka,
Nadette