Fim Ba Ya Son Raɗa

Litinin, 1 ga Maris, 1937
Shekara ashirin da shida ina sa matan New York kuka a dandamali da Yidish, harshenmu na Yahudawa, yau ɗan jiya-jiyan nan Kopelman, mai shirya fim, ya tsinka ni a gaban ma'aikata. Wai sai na haddace maganata! A gidan wasanmu kowane mako sabon wasa ake yi, wa ke da lokacin hadda? Tsoho Anshel na zaune a akwatinsa a bakin dandamali, ya raɗo magana, in cafe in sa mata rai. Haka muka gada. "Madam Feldsher," in ji Kopelman, "makirfo ba ya da kunya, har raɗar yake kwashewa." Rashin kunya ai a bakinsa yake.

Talata, 2 ga Maris
Sau tara aka ɗauka, sau tara na kafe ina kallon ƙasa. Ba akwati, ba Anshel, sai wayoyi. Kopelman ya ce in ban iya ba zuwa Litinin, Dvoshe 'yar gidan wasanmu zai ba matsayin uwar. Dvoshe! Mai kuka kamar ƙofar da ta yi tsatsa.

Alhamis, 4 ga Maris
Na hau bene biyar zuwa ɗakin Anshel. Ban taɓa zuwa ba, iyakacina da shi tsawa in ya makara da raɗa. Ya ce, "Mindele, ke ce a gidana? Gobara aka yi?" Na ce, "Malam Anshel, rage surutu, buɗe takarda." Ya zubo shayi a gilashi, ya toshe bakinsa da hannu don kada ya taimake ni. In na kafe sai ya ƙara danne bakin, maganar na cinsa. Wai in kowa ya iya hadda, shi sai ya koma tallar kifi. Ya yi dariya har da tari. Ni ban ga abin dariya ba.

Asabar, 6 ga Maris
Kaina kamar an daka shi a turmi. Allah ya isa tsakanina da wanda ya ƙirƙiro fim.

Litinin, 8 ga Maris
Sau ɗaya tak, ban tsallake ko kalma ba. Kopelman ya sumbaci hannuna, na goge a siket.

Lahadi, 14 ga Maris
Wasan rana a gidanmu. Ashe hadda ciwo ce, sabon wasan ma ya zauna mini ban sani ba. A kashi na farko na riƙa riga Anshel magana, har na ji ya yi shiru. Na leƙa, ya rufe littafi, ya ɗora hannuwa a kai. Mai gidan wasan kuwa na gefe yana ta murmushi, shi da ya daɗe yana neman dalilin cire akwatin.

A kashi na biyu, daidai wurin da uwa ke tsine wa ɗanta, na kafe. Na tsaya har 'yan kallo suka fara tari. Sai na ji takarda ta motsa, raɗa ta zo.

Dvoshe na ta yaɗawa wai Madam ta tsufa, kai ya fara yoyo. Abin ya yi mini zafi, amma ta yi ta faɗa. Mantuwa ce kawai, kowa na yi. Gobe ma zan manta, wajen kashi na uku.